Igiyar da Ba Ta da Maraƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani dattijo makiyayi ya koya mini aikina a gaban mutane ba. Har yau in na tuna, kunya da mamaki ke kama ni tare, amma mamakin ya fi yawa.

Lokacin na dawo Birnin Gwari daga kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kaduna, na laƙaba wa kaina suna Injiniya (ba wanda ya ba ni, ni na ɗauka). Kawuna ya buɗe shagon kwamfuta a Magajin Gari, ya ce in haɗa masa rauta mai jawo intanet da suwic mai rarraba shi ga kwamfutoci takwas. Na iso da jaka a kafaɗa ina taku ɗai-ɗai. Na shimfiɗa wayoyi, na sa wa sabis ɗin suna da kalmar sirri mai tsawo don a san an yi karatu, komai ya tashi lafiya lau.

Ranar ce kuma ranar ƙarshe ta rajistar jarrabawar shiga jami'a. Cikin masu jira akwai Baffa Jauro, wanda ya taso tun asuba daga rugarsu ta bayan Randagi a kan babur da 'yarsa Hajara. Ita ce ta farko a rugar da ta gama sakandare. In ba a yi mata rajista ranar ba, sai baɗi.

To, ni mutum ne mai son tsafta. Na hango bakin wata waya yana lilo a bayan teburi, na ga rami ɗaya a suwic ba komai, sai na cusa shi ciki. Nan take fitilun suwic ɗin suka hau walƙiya gaba ɗaya. Wallahi har na juya na ce wa kawu ya ga yadda abin ke gudu. Minti biyu ba a yi ba komai ya tsaya cak, ana tsakiyar cike sunan Hajara.

Na kashe rauta na kunna sau uku. Na ɗora wa kamfanin sabis laifi, na ɗora wa hadari, har dajin ma na ce shi ke tare sabis. Azahar ta wuce, la'asar ta matso, rigata ta jiƙe sharkaf. Hajara kuwa takardunta kawai take ta juyawa a cinya, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Sai Baffa ya taso ya tsuguna kusa da ni, ya tambaya ko zai iya taɓawa. Na ce, "Baffa, wannan fa ba shanu ba ne." (Allah Ya yafe mini wannan baki.)

Murmushi kawai ya yi. Ya ce abin ya yi masa kama da dangwali, igiyar nan mai madaukai da suke jera maruƙa a jiki. Ya kama waya ta farko da yatsu biyu, ya bi ta a hankali har kwamfutarta, ya dawo ya kama ta biyu.  Mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana bin wayoyina ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya bai ruɗe ba. Ni dai baki na saki ina kallon ikon Allah.

A ta tara ya tsaya. "Injiniya, maruƙanka takwas, igiya tara. Wannan ba ta da maraƙi. Daga nan ta fita, nan ta dawo."

Wayar da na cusa ce. Kai da gindinta duk a suwic ɗin suke, saƙo yana ta zagaye a ciki har ya shaƙe komai. An koya mana wannan a mako na biyu, na ma ci shi a jarrabawa. Na zare ta, fitilu suka lafa, shafin Hajara ya buɗe. Da takardarta ta fito, Baffa ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ko da yake ba ya karatun boko.

Kawu ya kawo wa Baffa kujera da ruwan sanyi, ni kuma ya miƙo mini tsintsiya.

Yanzu duk inda na je aiki, kafin in buɗe baki da Turanci sai na tsuguna na bi kowace waya da yatsu biyu, ina tambayarta ina maraƙinta.