Sabulun Gagarau a Kan Rufi

"Ni da shawara? Ai shawara ta masu ƙaramin kai ce."

Gaisuwar Gagarau ke nan duk Asabar, in ƙananan 'yan kasuwar layin sun taru a bayan shagon tela. Abokina, zama ne mai amfani: kowa ya faɗi inda ya yi tuntuɓe a makon, sauran su kama shi ya miƙe. Gogan naka kuwa shan shayi ke kawo shi, sai gyara wa mutane zance. Watansa uku da fara haɗa sabulu, amma har ya buga kati mai cewa Shugaban Kamfani. Ma'aikatan kamfanin kuwa, shi ne da bokiti biyu.

Ana nan sai wani otal ya nemi sabulu ɗari uku nan da Juma'a. In ya yi kyau, kwangilar shekara guda tasa ce.

Gwaggo mai sabulu, wadda ta shekara ashirin a sana'ar, ta ce, "Ɗana, sabulu sai ya sha iska sati huɗu yake ƙarfi. Roƙe su su ƙara maka lokaci."

"Gwaggo, wannan ilimin mutanen da ne. Ni kwana huɗu ma ya yi mini yawa."

Ran Litinin ya zuba sabulu, ya aro fanka uku wajen mai aski, ya sakar masa. Washegari ya danna da yatsa, yatsa ya nutse. Sai ya kwashi talatin ya cusa a murhun da matarsa ke gasa burodi, wai gwaji. Suka narke tas. Burodin da ta gasa bayan nan, duk wanda ya gutsura sai bakinsa ya yi kumfa.

"Maigida," in ji ta, "gidan za ka wanke ko cikin 'ya'yanka?"

"Ke ba ki san kimiyya ba."

Ran Alhamis babban masanin kimiyya ya kafa tsani, ya jera sauran a kan rufin kwano, ya ce rana ma'aikaciya ce da ba ta neman albashi. Ta kuwa yi aiki, don kafin azahar sabulu ya fara bin kwano. Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Kumfa ta sauko ta indararo, ta cika tsakar gida, ta fita titi. Mai babur ya zame, mai rake ya bi bayansa.

Tela ya leƙo ya ce, "Shugaba, mun gode. Rabon layin nan da wanka tun ina yaro."

A nan dai Gagarau ya zauna kan bokiti, jikinsa ya yi sanyi, don gobe Juma'a kuma ko ƙwaya ɗaya ba shi da ita. Wallahi ya ban tausayi. Bai kira kowa ba, amma sai ga 'yan zaman Asabar. Gwaggo ta kawo ɗari uku daga ajiyarta, tela ya yanko takardar naɗi, mai gyaran waya ya ce motarsa tana nan.

"Faɗuwa ba mutuwa ba ce, ɗana," in ji Gwaggo. "Ni tukunya bakwai na zubar kafin na iya."

Ka zaci zai rusuna? Ina. Ya naɗe kowane sabulu da takarda mai hotonsa, ya ce, "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu, saboda martabar kamfani."

Da safe ya bar su Gwaggo a mota, ya shiga ofishin manajar otal ɗin yana taku ɗaiɗai.

"Ranki ya daɗe, haɗina ne na musamman. Sirrin yana cikin kan nan."

Manaja ta yage takarda, ta wanke hannu, ta shanshana, ta ce madalla. Sai ta juya sabulun. Ashe Gwaggo ba ta fitar da kaya sai da hatiminta: ga suna raɗau, ga lambar waya. Manaja ta dubi Gagarau, ta danna lambar. Ta taga suka ji wayar Gwaggo tana ƙara a cikin mota.

Kwangila dai Gwaggo ta samu.

Ran Asabar tela ya ce, "To, wa zai fara faɗin tuntuɓensa?" Ido duk ya koma kan mutum ɗaya.

Gagarau ya kurɓi shayi ya ce, "Ni ban yi tuntuɓe ba. Dabarar talla ce, ku ne ba ku gane ba."

"Gaskiyarka, ɗana," in ji Gwaggo. "Shekara ashirin ban samu ɗan talla kamarka ba. In ka gama shayin, ga kwali can, tunda ka san hanyar otal ɗin."