Ramin da Na Cike da Alƙalamina

Jiya da safe na faɗa ramin da ke bakin layinmu. Ramin dai da na rubuta muku a makon jiya cewa an cike shi, har na jinjina wa Mai Girma Uban Ayyuka.

Bari in wanke kaina. Ciwon damuwa ya kwantar da ni wata da watanni, ko abinci sai an lallashe ni. Likita ta ɗora ni a kan magani, ta gargaɗe ni cewa zan iya gani dishi-dishi, haske kuma ya riƙa kashe min ido. Na ce mata ba komai, dama babu abin kallo a garin.

Magani kuwa ya yi aiki. Zuciya ta yi sanyi, ido ya yi hazo. Na leƙa ta taga na hango ramin sumul yana ƙyalli, ashe ruwan sama ne ya cika shi. Fitilar titi ɗaya tilo da ke kamawa na gan ta da zobba, na ɗauka an ƙaro mata 'yan'uwa. Na zauna na zuba yabo.

Da na faɗa ramin jiya, tela maƙwabcina ne ya jawo ni waje, ina ɗigar taɓo.

"Malam, mu da muke cewa an saye ka! Ashe har zuciyarka ka yarda?"

"Magani ne," na ce.

"To rufa mana asiri, kada manya su ji su zuba mana shi a famfo."

"Wane famfon?"

Ya yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, don mutuncina kaɗai na mallaka a unguwar nan. Na shiga gida na ce na bar maganin.

Matata ta tare ƙofa. "Ka bari ka koma kallon rufin ɗaki, yara suna magana da raɗa a gidan ubansu? Gara ka faɗa rami kullum, ni zan wanke kayan."

Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ce.

Likita ma ta ce kada in kuskura in yanke shi kai tsaye, in je a gwada idon tukuna. Na'urar gwajin tana nan a asibitin, cikin ledarta, tana jiran Mai Girma ya samu sukunin zuwa ƙaddamar da ita.

Don haka na janye yabona. Magani ina sha, matata ke duba min titi kafin in ɗauki alƙalami. An ce nawa hazon zai iya washewa. Shi Mai Girma, da motarsa ke kauce wa ramin kullum amma bai taɓa ganinsa ba, ban san wanne yake sha ba.