Kyautar Baƙin Mai

Duk wanda ya zauna a Kontagora a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa bai san Malam Lukuman Mailafiya ba, sai dai mu yi masa jaje. Mutum ne da Allah ya hore wa zuciya mai faɗi, ya kuma hore masa bakin sanar da jama'a faɗinta. Kamfanin man nan mai alamar zalɓe ne ya ɗauke shi, ya ba shi kujera da fanka da muƙamin da ba a taɓa jin irinsa ba: Jami'in Kyautata wa Jama'a da Kiyaye Ƙasa. 'Yan tasha ba sa iya dogon suna, sai suka yanke masa Alhaji Agaji, ko da yake bai je Makka ba tukuna. Bai musa ba. Ya ce ai niyya tana nan.

Aikinsa shi ne ya nemo inda alheri ya yi ƙaranci ya kai shi, tare da mai hoto. Shi ne ya taɓa raba wa makiyaya kalandar kamfani, don su riƙa sanin ranar da suke kiwo.

To, a bayan ma'ajiyar kamfanin akwai gangunan baƙin mai, wanda aka tsiyaye daga injunan tankokin dakon mai, sun daɗe jibge ba a san inda za a kai su ba. Sai ga saƙo cewa babban manaja zai zo rangadi daga Legas, kuma ba ya so ya gan su. Sauran ma'aikata suka ga ɗawainiya. Alhaji Agaji ya ga alheri. Ya tuna yana yaro ya ga duba-gari yana ɗiga mai a kududdufi don kashe 'ya'yan sauro. In ɗigo ya isa unguwa, ina ga ganga?

Allah ya sa rabon ya faɗa kan wata tunga a bayan Auna, mai tafki guda ɗaya tak. Mutanen nan ba sa taɓa kifin tafkinsu duk damina. Sai rani ya yi nisa, rumbu ya fara amsa kuwwa, mai gari Ladan ya sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, kowa ya shiga da komarsa. A yi banda, a kai kasuwar Auna, da shi ake lallaɓawa har sabuwar dawa. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Rebeka, da ke riƙe da jikokinta marayu, ba ta da gona sai wannan bandar. Kwanaki kaɗan suka rage a yi su lokacin da Landirofa ta iso, babbar mota cike da ganguna tana biye.

Alhaji Agaji ya hau kan ganga, ya gyara babbar riga.

"Jama'a! Kamfani ba ya barci saboda ku. Ni kaina ba na barci. Mun ji sauro yana cin ku, mun ce a'a! Man nan da kuke gani ya je Legas, ya je Sakkwato, ya ga duniya. Yau ya yi ritaya, ya zo ya huta a tafkinku. Kyauta!"

Aka tafa, don baƙo ne, kuma ya zo a mota. Gwaggo Rebeka ta matso da sandarta.

"Ɗana, sannu da hanya. Kifin fa?"

Ya dube ta da irin tausayin da masu ilimi ke yi wa sauran bayin Allah.

"Gwaggo, mai a sama yake zama, kifi a ƙasa. Ba za su ko gaisa ba."

Mai gari Ladan ya sosa ƙeya, ya ce ko a bari a yi su tukuna. Alhaji Agaji ya ce alheri ba ya jira, manaja ma ba ya jira. Aka buɗe ganguna. Tafki ya yi baƙi wuluk, yana ƙyalli launi-launi, har mai hoto ya ce bai taɓa ganin ruwa mai kyan wannan ba.

Ranar da ya dawo da babban manaja, tun daga nesa wari ya fito taryarsu. Tarwaɗa da karfasa, manya da ƙanana, duk sun taso sun juya farin ciki sama. Mutanen tunga suna tsaye a bakin ruwa. Manaja ya toshe hanci da hankici, ya juyo yana neman bayani.

Da ƙaramin mutum ne, da nan ya rikice. Amma manya a irin wannan wuri ake gane su.

"Ranka ya daɗe, ka ga aiki biyu a tafiya ɗaya! Da, bayin Allah nan sai sun shiga taɓo har wuya suna fama da koma. Yau kifi da kansa ya fito ya miƙa wuya. Ko yaro ya sa hannu ya ɗauka. Wannan shi ne sauƙaƙa wa talaka!"

Manaja ya tambaya ko ana ci.

"Ci? Ai ya fi na da maiƙo!"

Gwaggo Rebeka ta juya. Ta shiga gida, ta fito da akushi a rufe, ta durƙusa ta ajiye a gaban Alhaji Agaji. Mai gari ya yi bayani cikin ladabi: al'adarsu ce, wanda ya fara fito da kifi a shekara, shi ke fara ci a gaban jama'a. Manaja ya ji daɗin al'adar ƙwarai. Ya ja da baya, ya yafito mai hoto.

Alhaji Agaji ya buɗe akushi. Tarwaɗa ce ƙatuwa, romonta na sheƙi kamar ƙasan gareji. Ya nemi ido ɗaya da zai cece shi, ya ga jikokin tsohuwa sun jeru suna kallonsa. Ya yi bisimilla mai tsawo, ya gutsura, ya tauna. Hawaye suka zubo masa. Ya ce na farin ciki ne.

Mai hoto ya ce bai ɗauka da kyau ba, a sake.

Tsohuwa ta tura masa akushin kusa, ta zauna a gefensa kamar uwa.

"Kada ka yi sauri, ɗana, ci a hankali. Mu bana mun haƙura. Duk tafkin naka ne."