Rasuwar Asagao, Wadda Aka Sayar Da Ita Da Ciwonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake fushi ya riga baƙin cikin kama wurin zama, Toshiki Kuwabara na unguwar bakin teku a Onomichi, a madadin kansa da yayarsa Mitsuko, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan masu tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska na wannan gaɓa rasuwar jirginsa, abar ƙaunarsa, Asagao. Rai ya yi halinsa a tsakiyar tseren kaka, da rana tsaka, a kan idon jama'a. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu a duniya. Wanda ya sayar da ita ya ce ashirin, kuma wannan ce ƙarama a cikin ƙaryace-ƙaryacensa.

Ba za a rubuta a nan cewa ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya ba. Doguwar jinya ce, aka shafe ta da fenti.

Ana neman afuwar jama'a da jinkirin wannan sanarwa. An tsaya jayayya ne a kan gawar: a yi mata sutura kamar yadda ya kamata, ko a yi mata kwalliya a sake kai ta kasuwa. Masu makoki su sani cewa ba da kuɗin gado Toshiki ya sayi marigayiya ba. Littattafansa ya kwashe kaf, waɗanda ya tara tun yana ɗan makaranta, ya kai wa mai sayen tsofaffin littattafai na bakin tashar jirgin ƙasa. Mutumin ya tausaya masa, ya ce zai ajiye su a ɗakin baya zuwa ƙarshen wannan wata, ko zai dawo ya fanshe su. Idan an sayar da gawar, littattafan sun dawo gida. Idan an binne ta, sun tafi ke nan.

Marigayiya kyakkyawa ce, ko maƙiyinta ba zai musa ba. Doguwa ce, siririyar goshi, fara tas da shuɗin layi a ƙugu. Idan aka ja mata filafilanta iska ta cika su, sai ta ɗan kishingiɗa gefe guda, ta yanki ruwa tana cewa "shaaa", kamar ana yaga sabon yadi. A cikinta akwai gado biyu da murhu da ɗan kanta da Toshiki ya yi niyyar jera littattafai a kai, kafin ya tuna babu sauran littattafan. Ranar hutu ta kai ka tsibiri ka sha shayi a inuwarta, ranar gasa ta zama wata daban, ta manta da kunya. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, sai ta kuka, kuma kukan nata aka fassara wa mai ita a karkace.

Toshiki ya fara ganinta ne da bazara, a ɗaure a ƙarshen gadar katako, kuma daga wannan kallon hankalinsa bai sake dawowa daidai ba. Duk da haka kada wani ya ce bai yi bincike ba. Ya karanta duk abin da aka rubuta a kan sayen tsohon jirgi. Ya zo da 'yar gudumarsa, ya bi jikinta yana ƙwanƙwasawa tun daga goshi har wutsiya: inda ta ce "kwas" lafiya, inda ta ce "bum" ruwa ya shiga. Ko'ina "kwas" take cewa. Mai ita, tsoho Genzo Urabe, yana biye da shi hannu a baya, yana murmushi irin na uban amarya.

Sai suka sauka ciki, suka zo gindin jigo, wato ginshiƙin da ke ɗauke da filafilai, wurin da kowane littafi ya ce a fi tsananta duba. A nan akwai wata 'yar ƙofar katako da ba ta fi tafin hannu ba, an kewaye ta da igiyar karan shinkafa. Kowane ɗan gaɓar nan ya san ko mene ne wannan. Funadama ce, kurwar jirgi. Kafinta kan sassaƙa ɗan rami a gindin jigo, ya sa gashin mace da 'yan tsana biyu na takarda da tsofaffin sulalla, ya rufe. Daga ranar ba mai buɗewa, ba mai bugawa.

Toshiki ya ɗaga guduma. Tsohon ya cire hula.

"Yaro," in ji shi, murya na rawa, "ka bugi duk inda ka ga dama. Nan ne kawai nake roƙo. Gashin Fusae ne a ciki, matata. Na aske shi da hannuna a asibiti, daren da ta cika. Shi ke nan abin da ya rage mini nata."

Jama'a su lura da abin da ya biyo baya, domin shi ne ke hana mai makoki barci. Toshiki ya mayar da guduma aljihu. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Ya ce, "Ka yafe mini, Baba, ban sani ba." Shi ne ya nemi gafara. Bai ko nemi ragi ba, domin wa ke ciniki a kan gashin mamaciya? A hanyar gida har waƙa ya tsara a kan tsoho da teku da ƙauna mai wuce kabari.

Alamun ciwo sun fara tun fitar farko. Da zarar iska ta ɗan yi ƙarfi, sai a ji wani siririn sauti daga ƙasa: "tsi-tsi-tsi, tsi-tsi-tsi", kamar gyare ya shige cikin katako. Mitsuko, wadda ke riƙe masa igiyoyi, ta ce, "Kai, ɗan littafi, abin nan naka ƙara yake yi." Ya je ya tambayi Genzo. Tsohon ya tafa hannu, idanunsa suka kawo ruwa.

"Ta yi maka magana? Tun yanzu? Ni sai da na shekara biyu kafin ta kula ni! Kakanninmu ba su gaya maka funadama tana kuka idan ta ji daɗi ba? Ta karɓe ka, yaro. Fusae ta karɓe ka."

Daga ranar, duk lokacin da Asagao ta yi "tsi-tsi-tsi", sai Toshiki ya sauka ya zuba mata 'yar giyar shinkafa a bakin ƙofar, ya gode mata. Wata da watanni baiwar Allah tana ihu cewa ƙashin bayanta na rugujewa, mai ita yana ƙara mata ruwa a kan ciwo, yana cewa na gode.

Ranar ajali, sama garau, iska daidai yadda masu tsere ke roƙo. Sun zagayo tsibiri suna na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Asagao ta kishingiɗa, tana gudu kamar ta san na ƙarshe ne. "Tsi-tsi-tsi" ya koma "ƙiii". Toshiki ya yi ihu, "Yaya, kin ji? Murna take yi!" Kalmarta ta ƙarshe a duniya ita ce "ƙwaram". Jigon ya nutse cikin cikinta, sannan ya kife da filafilai da wayoyi gaba ɗaya, ya wuce ta gefen kan Mitsuko da tazarar da har yau ba a son a tuna. Jiragen baya suka wuce su ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai don ladabi. Wani masunci ne ya ja gawar zuwa gaɓa, yana tambaya ko sababbin shiga ne.

Da aka ɗaga ta aka ɗora a kan tudu, sai Mitsuko ta sa sukudireba ta ɓalle 'yar ƙofar, ba rusunawa, ba neman izini. Babu gashi. Babu 'yan tsana. Babu sulalla. Tsummokara ne da tsofaffin jaridu aka cusa, a bayansu kuwa katakon da ke riƙe da jigo ya zama baƙi, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen ganyen shayi. Ramin ba na kurwa ba ne. Wani ne ya huda ya leƙa, ya ga abin da ya gani, ya yi masa ƙofa da igiya.

Suna tsaye a kan gawar sai ga wata tsohuwa ta iso wurin da ƙunshin abinci a hannu, furfura cike da kai, an ɗaure ta tamau a ƙeya.

"Ku yara, ba ku ga Genzo ba? Ya bar abincinsa, shashashan."

"Inna, ke wace ce tasa?" in ji Mitsuko.

"Wace ce kuwa? Fusae, matarsa, don zunubaina."

Toshiki ya zauna a ƙasa. Da aka ba ta labari, ko gezau ba ta yi ba.

"Au, na sake mutuwa? Ya kashe ni ranar da zai sayar da babur, ya kashe ni a kan gonar lemo. A asibiti wannan karon? To, madalla, na samu ci gaba, wancan karon a rijiya na faɗa. Gashina kuma! Mutumin da ko mataji bai taɓa saya mini ba."

Marigayiya ta bar filafilai uku, ɗaya a yage. Ta bar inji mai tari, da anka, ƙarfen tsayar da jirgi, wanda bai san an yi rasuwa ba, da butar shayi, da kantan littattafai wanda bai taɓa ganin littafi ba. Ta bar mai ita da waƙa guda da ya tsara wa matar da ke nan da ranta tana cin shinkafa sau uku a rana.

A cikin masu zuwa ta'aziyya har da Genzo. Ya zo da kwalin alewa, ya zagaya gawar, ya ja Toshiki gefe.

"Daina kumbura fuska, yaro, ni ma haka aka yi mini. Jirgi ba ya mutuwa, hannu yake sauyawa. A samo tsohon jigo, a cusa sabon tsumma, a mayar da ƙofa, a ɗaura igiya. Akwai wata malamar makaranta da ke zuwa tana leƙen jirage, irinka ce sak, ido duk mafarki. Ba ka da mata, to, ka ce na mahaifiyarka ne. In hawaye ya ƙi zuwa, ka tuna littattafanka."

Da a ce Toshiki ya shaƙe shi a nan, da sanarwar nan ta fi daɗin rubutu. Bai shaƙe shi ba. Ya wuce ta shagon bakin tasha ya hango kwalayensa ta taga. Ya bar Genzo ya kawo jigo na aro, ya bar shi ya mayar da ƙofar ya ɗaura sabuwar igiya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, Mitsuko kuwa ta daina zuba masa abinci.

Jiya malamar ta zo. Kanae sunanta. Tana da littafi a hammata da 'yar guduma a hannu, iri ɗaya da tasa, daga shago ɗaya. Mutanen ƙungiyar masu tsere suna zaune a kan gada suna gyaran igiyoyi, suna kallo ta wutsiyar ido. Ta bi jikin Asagao: "kwas, kwas, kwas". Fuskarta sai haske take ƙarawa. Ta sauka ciki, Toshiki da Genzo na biye. Ta zo gindin jigo, ta ga igiyar karan shinkafa. Kafin kowa ya buɗe baki, ta mayar da gudumar jaka, ta haɗa hannu, ta rusuna.

"Ku yafe mini," in ji ta. "Na kusa yin rashin kunya."

Genzo ya riga ya cire hula, yana zungurin Toshiki da gwiwar hannu.

"Malama," in ji Toshiki, "fito da gudumar nan."

"Amma ai..."

"Buga. Da ƙarfi."

Ta buga. Asagao ba ta ce "kwas" ba, ba ta ma iya cewa "bum" ba. Kan gudumar ya shige ciki ya tsaya, baƙin ruwa ya biyo ƙotar.

"Kai mahaukaci ne?" in ji Genzo. "Littattafanka fa?"

Toshiki ya juya masa baya. Ya hau sama, ya tsaya a goshin marigayiya inda kowa na gadar zai ji, kuma abin da ya faɗa shi ne tsarin jana'iza, ba a ƙara ba, ba a rage ba:

"Jama'a, ku saurara! Asagao ta mutu, kuma ba mai sake sayar da ita. Ranar Asabar da safe za a ɗora ta a mota zuwa filin da ake farfasa jirage. Ba ta babban titi za mu bi ba, ta ƙofar gidan Baba Genzo za mu bi, a hankali, da hon. Inna Fusae ce za ta zauna a gaba, tun da ta fi mu sanin hanyar lahira. 'Yar ƙofar nan kuma zan kafa ta da ƙusa a allon ƙungiya, da sunansa a ƙasa. Kada wanda ya kawo fure. Mai son yi mini ta'aziyya ya zo da littafi ɗaya, ko tsoho ne. Amma ku sani, sai na buɗe shi na duba ciki kafin in ce na gode."