Sunan da Oga Jadawali Ya Tono

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci Abuja da su, a fara da Malam Badaru, sauran su biyo baya a hankali. Mataimakin mataimakin darakta ne a sashen ƙididdiga na wata hukumar tarayya, hukumar da shi kansa sai ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshen sunanta. Aikin gwamnati ba ya ɗaukarsa lokaci, kafin sha ɗaya na safe ya gama. Sauran yinin ya sadaukar da shi ga al'umma, kyauta, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Binciken sunayen mata yake yi.

Shekara tara bawan Allah yana tara katunan gayyatar suna. Duk gidan da aka haifi mace, daga Lugbe inda yake zaune har Dutse Alhaji, sai labari ya iso teburinsa. Ya shigar da sunan a kwamfuta, ya zana jadawali mai layin ja da layin kore, ya koma da baya a kujera yana kallo yana gyaɗa kai. A bayan idonsa 'yan ofis Oga Jadawali suke ce masa. A gabansa kuwa Farfesa, kuma yana amsawa da sauri, kada mai kiran ya canza shawara.

"Sunan mace a garin nan shekara uku yake yi ya gaji," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya kawo ofishinsa neman sa hannu. "Ku dubi Kauthar. Ta tashi, ta yi tashe, yau ga ta a ƙasa. Nafeesa ta faɗi warwas tun kafin a gama titin unguwarmu. Mufida kuwa kada ma a yi magana, kowane aji na 'yan rainon yara akwai uku. Mutanenmu ba sa bincike. Maƙwabci ya saka, kai ma ka saka."

Christiana, wadda suke ofis ɗaya, ta ji wannan lacca ta fi sau arba'in. Ta ƙware har ta san daidai inda ake cewa "Haka ne, oga" ba tare da ta cire abin jin waƙa daga kunne ba. Shi kuwa yana gaya wa mutane cewa ita ce ɗalibarsa mafi hazaƙa.

Amma babban abokin gabar Malam Badaru a duniya shi ne alkunya. A saka wa jaririya sunan kakarta, sai kowa a gidan ya kasa kama sunan saboda nauyin mai shi, a koma kiranta Ummi ko Mami ko Hajiya. Wannan al'ada tana hana shi barci. Ya taɓa bin layinsu gida-gida da biro da takarda, ya ƙirgo Ummi goma sha ɗaya.

"Goma sha ɗaya, a layi ɗaya," in ji shi, yana buga tebur da yatsa. "An yanka rago, an tara jama'a, an raɗa suna, sannan a ninke sunan a jefa ƙasan akwati. Wannan almubazzaranci ne. Ranar da Allah ya ba ni 'ya mace za ku ga yadda ake saka suna. Suna ne da babu mai shi a Abuja, kuma da shi za a kira ta har ta yi furfura. A rubuta a ajiye."

Ba wanda ya rubuta, amma kowa ya ajiye.

Ana nan sai Allah ya amsa. Bayan maza biyu, matarsa Rahmatu ta haifi mace ranar wata Asabar. Rahmatu malamar makaranta ce, haifaffiyar wata ruga da ke bayan Zuba, mace mai haƙuri wadda ta daɗe da gane cewa gardama da mijinta ɓata yawu ne. Washegari mahaifiyarta ta iso don kula da jego. Dada ake ce mata. 'Ya'yanta Dada, jikokinta Dada, masu sayen nononta a kasuwar Zuba shekara talatin Dada. Malam Badaru yana girmama ta matuƙa. Shekara goma sha ɗaya yana durƙusawa ya gaishe ta, ya tambayi shanu, ya miƙe ya wuce. A wayarsa ma "Dada Zuba" ya rubuta. Mai nazarin sunayen matan babban birnin tarayya ba shi da lokacin tsayawa hira da mai tallar nono.

Hutu ya ɗauka, ya kulle kansa a ɗaki da littattafai. A kwana na uku ya fito idanu jajur, yana murmushi shi kaɗai. Ya samo. Barira.

Ya duba ma'ana, ya ga nagarta da biyayya, ya ga kuma wasu malamai sun ce 'ya'yan itacen da ake asuwaki da shi ne. Ya duba asali, Larabci ne tsantsa, sunan baiwar Allah sahabiya wadda Nana A'isha ta 'yanta. Sannan ya zo kan babban gwaji, ya buga sunan a jadawalinsa. Katuna dubu huɗu da 'yan kai, shekara tara, babu ko ɗaya. Wallahi sai da ƙwalla ta taru masa don tausayin kansa da irin baiwar da Allah ya yi masa.

Da zai yi wa jaririya huɗuba, sai da ya fitar da kowa daga ɗakin, ya rufe taga, ya ƙure fanka, sannan ya raɗa mata sunan a kunne.

Rahmatu ta ce, "Baban Al-Amin, da wane suna ka yi mata huɗubar?"

"Sirri ne. In na faɗa miki ki faɗa wa ƙawarki, kafin Asabar an haifi uku a unguwar nan an kwashe."

"Har ni?"

"Musamman ke."

"Ai da ka faɗa, ko don a ji ta bakin dangi."

"Dangi ba su da alƙaluma," in ji Farfesa.

Ta dube shi, ta dubi jaririyar, ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Shiri ya kankama. Bai yarda da masu ɗab'in Lugbe ba, bakinsu ba ya shiru. Can Dutse Alhaji ya tafi, ya sa wani mai ɗab'i ya yi masa rantsuwa, sannan ya ba shi aiki: bokitai ɗari masu ɗauke da sunan, kalanda, da ƙaton ƙyalle da za a rataya a ƙofar gida, harafi kowanne ya kai tsawon hannu. Aka yi kek, shi ma da sunan a kai. Duk aka lulluɓe da zannuwa aka jibge a ɗakin baƙi, makulli a aljihunsa. Sunan da za a ba liman kuwa ya rubuta a takardar ofis, ya sa a ambulan, ya manne, ya buga masa jan hatimi.

Ranar suna da safe layin ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an rataya ƙyallen a ƙofar gida lulluɓe da zane. Darakta da kansa ya zo, aka ba shi kujera mai hannu. Mutanen Zuba suka sauko daga motar haya da sandunansu da malafunansu, Hadi yayan Rahmatu a gaba, suka ƙi kujeru suka zauna a tabarma. Liman ya gyara zama zai fara addu'a, sai Malam Badaru ya ɗaga masa hannu. Tukuna. An kawo majigi, an ɗaura lasifika, an juya bakinta wajen cikin gida don mata su ma su amfana.

Minti arba'in yana bayani. Ya nuna hawan Kauthar da saukarta. Ya nuna inda Nafeesa ta yi tuntuɓe. Shayi ya huce, rago ya gaji da tsayuwa ya kwanta. Daga ƙarshe ya gyara babbar riga, ya sassauta murya.

"Sunan da za ku ji yanzu, jama'a, ya mutu shekara arba'in. Na bincika. Idan akwai sauran masu shi, to 'yan tsofaffi ne can cikin daji, waɗanda ba su ma san darajar abin da suke ɗauke da shi ba. Ni na tono shi, na karkaɗe shi, na dawo da shi birni. Kuma ina sanar da kowa, a gidan nan babu alkunya. Da sunanta za a kira ta. Malam, bismillah."

Liman ya yi fama da hatimi har sai da ya sa haƙori. Ya buɗe, ya karanta. "Sunan yarinya Barira. Allah ya raya." Aka shafa fatiha, mahauci ya sa wa rago wuƙa, aka ja zare zanen ya faɗi, sunan ya bayyana a ƙofar gida ɓaro-ɓaro.

A tabarmar mutanen Zuba kuwa, duk suka sunkuyar da kai, ba mai kallon ƙyallen. Hadi ya ja gefen rawani ya rufe baki. Malam Badaru ya ga haka ya ji daɗi har cikin ransa. Ilimi ke nan, in ya sauka a kan wanda bai saba ba, sai ya yi masa nauyi.

Sai guɗa ta tashi daga cikin gida, wata na bin wata. Hadi ya miƙe, ya zo ya kama hannun Malam Badaru da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Kai ɗan halak ne," in ji shi. "Ka yafe mana. Shekara goma sha ɗaya muna cewa ɗan boko ne, bai san mutane ba. Ashe kana sane. Ka yi wa Dada takwara, kuma ka ɓoye don ka faranta mata."

"Wace Dada?"

"Dada dai. Muna da wata ne?"

Malam Badaru ya waiwaya. Ya dubi ƙyallen, ya dubi lasifikar da ya juya da hannunsa wajen cikin gida. Kafin ya samu abin cewa Darakta ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya daɗe bai ga ma'aikaci mai riƙo da al'ada da tawali'u irinsa ba. Farfesa ya ce na gode, da wata murya da shi ma bai san yana da ita ba.

Aka aiko Dada na kira. Ya shiga falo ya tarar da mata maƙil, Dada a tsakiya a kan tabarma da jaririya a cinya. Ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Na ji lasifika," in ji Dada. "Ashe na mutu shekara arba'in ban sani ba. Allah ya yi maka albarka da ka tono ni."

Mata suka kwashe da dariya, har mai jego tana riƙe ciki. Dada ba ta yi fushi ba ko kaɗan, murna ce fal fuskarta. Nan take ta ce jar karsanar nan tata ta ba takwararta, halak malak. Aka sake guɗa. Rago ya riga ya mutu, karsana ta shigo, sunan ya zauna daram.

Duk da haka namiji ne, ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya matsa kusa da Rahmatu ya ce ƙasa-ƙasa, "Amma dai da sunan za a riƙa kiranta."

"Wa zai kira?" in ji ta, ba ta ko rage murya ba. "Ni in kama sunan uwata? Ko kai za ka kama sunan surukarka? Ga ta nan zaune, bismillah, fara."

Dada ta ɗago tana kallonsa da murmushi. Malam Badaru ya buɗe baki. Sunan da ya kwana uku yana nema, mai ma'ana, mai asali, wanda babu mai shi a katuna dubu huɗu, ya zo masa iya maƙogwaro ya tsaya cak. Duk bokonsa, uwarsa ta yi masa tarbiyya. Ya rufe bakin, ya ce bari ya je ya duba masu fiɗa.

Kafin azahar an sauke ƙyallen, don ba a rataya sunan Dada a bakin titi kowa yana karantawa. Bokitai ɗari aka raba su bayan an ɓare takardun jikinsu. Kek kuwa aka rasa mai sa masa wuƙa, sai da wata ta shafe rubutun da cokali. Mata suka yi shawara ta minti biyu, ba jadawali, ba majigi, suka fitar da alkunya.

Ran Litinin Christiana ta cire abin kunnenta da kanta, karo na farko a shekara uku.

"Oga, barka. Yaya sunan yarinya? An ce shi yana da kyau sosai."

Ya daɗe yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "Ummi," in ji shi.

"Ah. Kamar na layinku. Nawa ne yanzu, oga?"

Ya buɗe kwamfuta, ya goge sha ɗaya ya rubuta sha biyu.

Yarinya ta yi wayo yanzu, tana gudu a layi da sauran yara, karsanarta ma ta haihu. Kullum da la'asar in Farfesa ya dawo daga ofis, yakan tsaya a ƙofar gida da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya gyara murya ya ce, "Ummi." Sai a amsa masa daga gida huɗu. Tasa ko waiwayowa ba ta yi, ta ɗauka da wata ake.