Yaƙin Barkono a Kan Dutsen Kurciya

Da sunan Wanda ya kafa duwatsu ya hana ƙasa rawa. Bayan haka, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, Malam Ilu mai gyaran rediyo, ɗan Nomau Ƙadangaren Fa, wanda ya hau Dutsen Kurciya don duban watan azumi, ya sauko ya ce gajimare ya tare. Ɗan Barmo Gagara-Santsi, wanda ya hau shi da tsakiyar damina ya ɗebo zuma, masu zumar suka rako shi har gida. Ɗan Jatau na farko, wanda masu ruwaya suka saɓa a kansa, wasu suka ce ya hau, wasu suka ce jingina dai ya yi.

Shi kuwa wannan dutse mai alfarma, da ya tokare bayan gidan su Ilu tun ba a haƙa rijiyar gari ba, ya kai tsayin mutum uku, in an zaɓo dogaye. A kansa matan gidan ke shanya, don nan ne kaɗai akuya ba ta kaiwa. Ilu ya haddace tarihin mahayansa kaf, yakan zuba shi a bakin shago ko ba a tambaya ba. Shi dai bai taɓa hawa ba, saboda yawan uzuri.

To, wata Laraba a ƙarshen damina, matarsa Tabawa ta hau da hantsi ta shanya barkonon da ta noma, buhu guda cur, yajin gidan na shekara. Wajen saukowa ta yi targaɗe. Azahar na yi sai gabas ta haɗe, hadari ya taso baƙi ƙirin, ga maza duk suna gona. Barkonon da ruwa ya daka kuwa sai juji.

"Malam, barkonona!" in ji Tabawa, tana dafe da bango.

Kakarsa Yalwa na zaune a inuwa tana kaɗi. Ta ce, "Wa kike kira? Wannan mijin nawa? Ko gadon ƙarfe sai ya yi bisimilla uku yake hawa."

Nan fa jinin Barmo ya motsa. Gwarzo ya miƙe, ya tamke tazuge, ya rataya buhu, ya tuɓe takalma bisa sunnar magabata, ya tsaya gaban abokin gaba ya yi kururuwa: "Sai ni Ilu na Tabawa, guduma mai fasa fa! Dutse, yau ka ga jikan masu kai!"

Dutse ko gezau. Ashe tun safe yake shan rana yana jira. Tafin ƙafar sadauki na taɓa shi sai ga jarumi yana wata irin rawa da ba a san ta a fagen fama ba. Amma bai ja da baya ba, domin tsohuwa na kallo. Ya kama tsagi, ya manna ƙirji, ya ja jiki, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa har da ta shiga kasuwa. A tsakiyar hanya ya yi kiciɓis da sarkin yaƙin dutsen, wani jan gwada mai gyaɗa kai, aka yi kallon-kallo, Ilu ya yi masa sallama cikin ladabi, aka yi sulhu. Wando ya yi shahada a gwiwar hagu. Daga bisani, da ikon Mai Iko, ya isa ƙololuwa da rub-da-ciki, ga rundunar barkono jajawur ta cika fili.

Su mata, in za su kwashe barkono, hanci suke rufewa da gyale, su tara da tsintsiya, su ɗiba da ƙwarya. Wannan ilimi bai shiga tarihin da Ilu ya haddace ba. Sai ya afka da hannu biyu, yana damƙa yana durawa, atishawa na tashi kamar bindigar toka, har ya kame abokan gaba baki ɗaya cikin buhu. Gumin nasara ya gangaro masa ido. Ya sa hannun dama ya share. Da ya ji abin da ya ji, sai ya kai wa idon ɗauki da hannun hagu.

"Wuta! Jama'a, ku kawo ruwa!"

"Ga shi nan tafe daga gabas, angona," in ji Yalwa. "Ka ɗan jure."

Tabawa ta ce, "Kada Allah ya kawo! Malam, ɗaure bakin buhun tukuna, ka yi kukan daga baya!"

Da lalube ya ɗaure. Saukowa kuwa ba ta taso ba, tunda ba ya ganin ko tafin hannunsa. Sai ya tuɓe riga ya lulluɓe buhun, ya kife a kansa, ya sallama rai, iska na kaɗawa, aradu na tsawa, hawaye na kwarara. Ruwa ya sauko. Waɗanda suka ƙirga sun ce ɗigo bakwai ne. Daga nan hadari ya karkata kudu ya tafi harkarsa, rana ta buɗe tarwai.

Can sadauki ya ɗago kai, idanu sun yi luhu-luhu, ya ce da ƙaramar murya a taimaka a nemo tsani.

"Sannu Malam, Allah ya saka da alheri," in ji Tabawa. "Sai dai fa bai bushe ba, in ya zauna a buhu gumi zai yi. Tunda kana nan, juye ka baza shi. In ya so bayan la'asar a kwashe."

"Wa zai kwashe?"

Yalwa ta murza mazarinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wa ke sama?"