Jan Ɗigon da Ya Zame Mini Fure

Warin man goge bindiga ne ba zan taɓa mantawa da shi ba, shi da kunyar da ta biyo bayansa a falonmu na unguwar Dichemso.

Ɓarayi sun haura katangar maƙwabtanmu, sai Baba ya nemi lasisi ya sayi bindiga don tsaron gida. Yayana Mubarak ya sayo masa madubin saiti mai araha, irin wanda in ka leƙa za ka ga jan ɗigo a kan abin da ka auna. Anas kuwa, wanda ke neman aurena, ya dawo daga turai da nasa mai tsada, kyauta ga Baba. Daga wannan ziyarar Baba zai yanke ko Anas ya turo manyansa.

Aka jera madubai biyu a kan tebur, bindigar da Baba ya gama gogewa a nan falon na can ɗaki a kulle.

"Ke mai karatu, idonki sabo ne," in ji Baba. "Duba mana wanne ya fi."

Na ɗauki na Yaya. Ɗigon dishi-dishi, ɗan ƙarami. Na ɗauki na Anas, sai na ga ja ya fashe, ya yi rassa, ya yi jela. (Mutum mai hankali da sai ya yi shiru. Ni kuwa a lokacin waƙoƙi nake rubutawa.)

"Baba, wannan ba ɗigo ba ne, furen zoɓo ne. Kyakkyawa dai, amma jabu aka sayar masa."

Mubarak ya kwanta a kujera yana dariya. "Chale, abokina, tun daga turai ka ɗauko mana fure?"

Anas ya sunkuyar da kai. "Alhaji, wallahi a shagon masu ƙera shi na saya."

Baba ya sa tabarau ya leƙa. Ya daɗe. Ya miƙa wa Mubarak, dariyarsa ta tsaya. Har Hajiya kakata, wadda ba ta iya zura zare a allura, ta karɓa ta kanne ido ɗaya, ta ce:

"Ɗigo ne tsaf kamar tabon kwalli. 'Yar nan, in ba kya son yaron ki faɗa, ba sai kin yi masa ƙazafi ba."

Na sake leƙawa, furen na nan, ni kaɗai nake ganinsa. Anas ya tashi ya yi sallama bai taɓa lemonsa ba. Sai da Baba da kansa ya taka har gidan su Anas a Kwadaso ya ba shi haƙuri kafin manyansa suka zo. Tun ranar, in aka ce in duba abu, sai na ce a fara ba Hajiya.

Bayan na haifi ɗanmu na biyu na je gwajin ido a Bantama. Likita ta ce gaban idona bai yi zagaye daidai ba, shi ya sa duk haske mai ƙarfi ke tarwatse mini. Wai fitilun titi ma ba su da rassa. Ni kuwa littafi guda na cika da waƙoƙi a kansu.